Shekarar da aka shanya ni

A unguwarmu a Daura, gidanmu ne na farko da aka rufe tsakar gidansa da kwano ruf, daga bango zuwa bango. Ina 'yar shekara tara a lokacin. Baba, mahaifina, fataucin raguna yake yi, kuma a shekarar kasuwa ta yi masa kyau, sai ya ga ba abin da ya dace da iyalinsa kamar inuwa. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kasuwar dabbobi, rana tana dukan ƙeyarsa daga safe har la'asar, don haka a wurinsa rana abokiyar gaba ce. Da kafinta ya buga ƙusa ta ƙarshe, Baba ya tsaya a tsakiyar gida ya ɗaga kai ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ni na sha, ku ba za ku sha ba."

Kowa ya yi murna ban da Kaka, mahaifiyarsa. Ita tana da wurinta a jikin bangon yamma, inda take shimfiɗa tabarma kowace safiya ta miƙe ƙafa ta sha hantsi, tana ɓarar gyaɗa tana yi wa mutanen gida sharhin abin da ba su tambaye ta ba. Kwano ya cinye mata wurin. Ta yi faɗa na kwana uku, ta ce an mai da ita kaza a akurki. Da ta ga ba mai saurarenta, sai ta ja tabarmarta zuwa ƙofar gida. Tsufa ne ya ba ta wannan damar. Mu 'yan mata masu tasowa, ƙofar gida ba wurin zamanmu ba ne.

Ni ban ji na rasa komai ba. Da safe in zura hijabi har ƙasa, in sa safa, Baba ya kai ni makaranta a babur. In na dawo in faɗa inuwa. Fatata ta yi haske, ƙawayena suna tambayata man da nake shafawa, ni kuwa ina wani yanga ina cewa halitta ce. Da na gama sakandare na koyi ɗinki wurin wata gwaggona, Baba ya sayo mini keke na takawa, aka ajiye shi a ɗakin da ke kusa da zaure. Nan na zauna shekara huɗu, daga keke sai salla, daga salla sai keke.

Ba zan ɓoye ba, na iya ɗinki, kuma na san na iya. Wannan sanin ne ya sa na zama fitinanniya. In na je biki ba fuskokin mutane nake kallo ba, kafaɗar rigunansu nake kallo. Na taɓa kama gefen zanin wata baƙuwa muna cikin gaisawa, na juya shi don in ga kalmasar, Inna, mahaifiyata, ta harare ni har sai da na saki. A gidanmu kuwa tun da na fara, ba wanda ya ƙara kai ƙyalle wurin wani tela. Kayan salla na kowace mace a gidan daga ƙarƙashin allurata suke fitowa, kuma ɗinkin da ya kauce ko da faɗin zare ne, farke shi nake yi.

Ido ne ya fara. Ina da shekara ashirin da ɗaya idona na hagu ya yi dishi-dishi, in na juya shi ya yi mini zafi. Kowa ya ce zura zare a allura ne, ni ma na yarda. Bayan 'yan makonni ya washe da kansa, muka manta. Shekara ta zagayo, ran nan ina cikin ɗinka wata doguwar riga sai na ji keken yana gudu yana tsayawa ba da izinina ba. Na leƙa ƙasa. Ƙafata ta dama tana kan mataki, ina ganinta, amma ba na jin ƙarfen a tafinta. Na ce zama ne ya yi yawa, na tashi in miƙe ta, sai ga ni a ƙasa.

Cikin mako guda abin ya hau har gwiwa. Ina iya tafiya in na dafa bango, amma ƙafar kamar ta aro. Aka yi abin da ake yi: aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka shafa man da wata maƙwabciya ta rantse ya tayar da mijinta. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce iska, wasu suka rage murya suka ce shanyewar ɓarin jiki. Asibitin garinmu suka tura mu Katsina, Katsina suka tura mu Kano. Ni dai a duk inda muka je tambayata ɗaya ce, ko zan sake taka keke.

A Kano aka tura ni cikin wata na'ura mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, tana ƙara kamar injin niƙa, aka ɗebi jinina har na fara tunanin ko sayarwa suke yi. Likitar da ta duba sakamakon mace ce mai natsuwa, ba ta gaggawar magana. Ta zaunar da ni da Baba ta ce ciwon nawa na jijiyoyi ne, a asibiti da haruffa biyu suke kiransa, MS. Ta nuna mana wayar fankar ofishinta ta ce kowace jijiya tana da riga kamar robar da ke jikin wayar, kuma garkuwar jikina ce ta rikice take cin wannan rigar, shi ya sa saƙo ba ya isa ƙafa daidai. Ta ce ciwon ba shi da yawa a ƙasarmu, ya fi kama matasa, mata sun fi maza, yana tashi yana kwanciya, ba a raba mutum da shi amma ana lallaɓa shi a zauna lafiya.

Sannan ta ɗauko takardar jini. Ta ce akwai wani sinadari, bitamin D, wanda fata take haɗawa in hasken rana ya taɓa ta, kuma nawa ya yi ƙasa ƙwarai. Ba ta ce shi ne ya jawo ciwon ba. Ta ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka, amma ana yawan samun ƙarancinsa a jikin waɗanda ciwon ya kama da wuri, don haka dole a gyara. Za a yi mini ƙarin ruwa na 'yan kwanaki, a ba ni ƙwayoyi, a koya mini motsa ƙafa. "Kuma Baba," in ji ta, "ta riƙa samun rana."

Baba ya yi dariyar da rabonsa da ita tun ranar da na faɗi. "Likita, daga Daura fa muka zo. In rana ce, ki aiko mota mu loda miki."

Likita ta murmusa, ta juyo gare ni. "Yaushe rabon da rana ta taɓa damtsenki ko ƙwaurinki? Fata nake nufi, ba hijabi ba."

Na yi ta lissafi a baya, na wuce ɗinki, na wuce sakandare, ban tsaya ba sai a firamare. Dariyar Baba ta ɗauke. Likita ta ci gaba da bayani, amma ni hankalina yana kan ƙafata, shi kuma Baba ya tafi wani tunani, ba wanda ya ji sauran maganar a cikinmu. Da na yi mata tambayata ta keke, ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, amma ta ga waɗanda ƙafarsu ta dawo.

Ranar da aka sallame mu, muka taso daga tasha a Kano har muka wuce Kazaure. Can sai na ji Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni na rufe." Na ce masa likita ba ta ce haka ba. Ya ce ya ji abin da ta ce. Tausayinsa ya kama ni fiye da tausayin kaina, domin na san da wace zuciya ya sayi kwanon nan.

Washegari ya kira kafintan da ya yi rufin, wanda yanzu ya yi furfura. Mutumin ya tsaya yana kallon Baba kamar bai ji daidai ba. "Alhaji, yoyo yake yi?" Baba ya ce ba ya yoyo. "To tsatsa?" Baba ya ce ya hau ya cire falle huɗu a tsakiya, ya bar tambaya. Kafinta ya hau yana ƙunƙuni, yana cewa shi a sana'arsa bai taɓa ganin an biya shi don ya ɓata aikinsa mai kyau ba. Kafin azahar sai ga haske ya faɗo tsakar gidanmu, faɗin tabarma biyu. Muka tsaya muna kallonsa kamar an yi baƙo. Shi ne ya tona mana asirin yanar gizo-gizon da ke jikin katakon rufi, Inna ta ruga neman tsintsiya.

To, a nan muka tafka kuskure. Baba ya gaya wa Inna likita ta ce rana, Inna kuwa ba ta yin abu rabi. A ganinta in rana kaɗan magani ce, rana da yawa ta fi. Ramin da aka buɗe a tsakiya yake, haske ba ya shigowa sosai sai rana ta take, ga shi ana tsakiyar bazara. Kullum ƙarfe goma sha biyu Inna za ta kori Baba zuwa zaure, ta shimfiɗa tabarma, ta sa in ɗaura zani iya gwiwa, ta kwantar da ni. In gaba ya sha ta ce in juya baya. Kusa da ni ta baza kuɓewa da tattasai a faifai, tunda dai an samu rana a cikin gida ba za a yi asararta ba. In ta zo juya su sai ta haɗa da ni.

Kaka ta dawo daga ƙofar gida don kallo kawai. Tana zaune a inuwa da maficinta, tana cewa, "Ƙawata, yi haƙuri, mu shanya ki yanzu kafin ki shanye." Wata rana ta ce wa Inna, "Ki barbaɗa mata gishiri mana, ko ta fi daɗewa." Ina gumi ina dariya ina jin haushi. Labari ya zaga unguwa cewa an shanya tela a gidan mai raguna, mata suka riƙa zuwa dubiya a daidai lokacin don su gani da idonsu.

A rana ta biyar dariya ta ƙare. Na yunƙura zan tashi daga tabarma ƙafar ta ƙi, ta yi nauyi fiye da ranar da aka kai ni Kano, idon da ya warke tun bara ya sake yin dishi-dishi. Na fasa kuka, na ce shi ke nan, na shanye. Inna ta rikice, ta kinkime ni ita kaɗai zuwa ɗaki, ban san inda ta samo ƙarfin ba. Baba ya shigo ba ko takalmi, ya lalubo lambar da likita ta ba shi, ya buɗe muryar wayar kowa yana ji.

Likita ta tambayi abin da nake yi kafin abin ya faru. Baba ya faɗa mata, har da alfahari, cewa awa biyu nake yi kullum a tsakar rana ba fashi. Sannan ta ce, "Inna lillahi. Baba, gasa ta kuke yi?" Ta ce zafi yana tayar da alamun ciwon na ɗan lokaci, a shafa mini ruwan sanyi, a ba ni na sha, in zuwa gobe bai sauka ba a kawo ni. Ta ce ita rana ta safe ta faɗa, wajen ƙarfe tara, na ɗan lokaci kaɗan, kuma ƙwayoyin ne za su yi babban aikin. Baba ya ce shi wallahi bai ji "ta safe" ba.

Kaka, da ke tsaye a bakin ƙofa tana dogara sanda, ta buga sandar a ƙasa. "Hantsi! Hantsi take nufi! Duk karatun nan ba a koya musu sunan hantsi ba? Wa yake shan rana in ba jaki ba?" Likita ta ji ta, ta yi dariya ta ce a gaida Hajiya, ta fi ta iya faɗa. Kafin la'asar ido ya washe, ƙafar ta koma yadda take da safe. Inna ta zauna a bakin gado tana share hawaye tana cewa ita da hannunta ta kusa soya 'yar mutane.

Daga ranar mulki ya koma hannun Kaka. Ta sa aka sake kiran kafinta. Ta tsaya a tsakar gida tana nuna masa da sanda: wancan falle, da wancan, da na gefensa, duk ta ɓangaren gabas. Baba ya ce, "Iya, ai gidan zai koma fili." Ta ce, "Da can daji ne?" Kafinta ya cire shida, ya mayar da biyu daga na tsakiya, yana cewa gidan nan in an sake kiransa ba ya nan. Washegari da misalin ƙarfe tara haske ya sauko a jikin bangon yamma, daidai inda ta ce zai sauka. Ta shimfiɗa tabarmarta, ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta yi wata ajiyar zuciya. Shekara goma sha uku ta jira wannan zaman, kuma ba ta bari Baba ya manta ba ko na kwana ɗaya.

Ashe shan hantsi ma ilimi ne. Kaka ta koya mini a fara ba shi baya, sannan ƙwauri, sannan damtse. In ya matsa a matsa da tabarma. Da zarar ƙeya ta fara gumi an gama, a tashi, abin da ya biyo baya ba hantsi ba ne. A nan nake yin motsa ƙafar da aka koya mini, ita tana ƙirga mini tana ɓata lissafi da gangan don in ƙara. Ta kafa doka cewa ba namijin da zai shigo a wannan lokacin, har Baba sai ya yi sallama a gidansa ya jira a ce ya shigo. Inna ta fara kawo kokonta nan, wai don ta sa mini ido, sai ga ta ta naɗe hannun riga. Maƙwabta mata biyu da aka rufe nasu gidajen suka riƙa zuwa aron wuta, alhali murhun gas gare su, su zauna sai hantsi ya wuce. A rayuwata ban taɓa yin hira mai daɗi kamar ta waɗannan safiyoyin ba. Na ji labarin auren Kaka sau bakwai, kowanne da irin ƙarshensa.

Na yi baƙi. Ƙawayen da suke tambayar man da nake shafawa suka fara tambaya ko lafiya. Kaka ta ce sai yanzu na yi kama da danginmu, da can ta zaci musanya aka yi mata a asibiti.

Amma keken yana ɗaki an lulluɓe shi da tsohon zani, kuma duk dariyar nan da nake yi, rabin zuciyata tana wurinsa. Ƙaramar salla ta zo ƙafata ba ta dawo ba. Inna ta kai atamfofin gida wurin wata tela a ɓoye, ta zaci ban sani ba. Ranar salla na dube su ɗaya bayan ɗaya. Kafaɗar rigar Inna ta dama ta fi ta hagu tsawo, wuyan rigar Kaka ya tattare. Na buɗe baki zan fara, sai na tuna ni ko wannan ba zan iya ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ba ciwon ne ya sa ni kuka ran nan ba, baƙin cikin an sa kayan wata a gidanmu ne, kuma ina jin kunyar faɗin haka amma gaskiya ke nan.

Damina ta faɗi. Ruwan farko ya zubo tsakar gidanmu ta ramin kwano, Inna ta jera robobi da bokitai, Kaka ta tara hannu tana wanke fuska, Baba yana tsaye yana cewa a duba masa abin da aka mai da gidansa, amma bai matsa daga inda feshin yake taɓa shi ba. A cikin waɗannan makonnin ne na fara jin wani abu kamar tafiyar kiyashi a babban yatsana. Ban gaya wa kowa ba, don kada in sa musu rai. Bayan kwana goma na ji sanyin siminti a dunduniyata. Da muka koma Kano likita ta soka mini tsinke a tafin ƙafa na ce wash, ta ce ba ta taɓa jin daɗin ihun mutum haka ba. Ta gargaɗe ni cewa ciwon yana nan, zai iya sake tashi, kada in bar magani. Gaskiya ta faɗa, domin daga baya ya tashi sau biyu, kuma har yau in zafi ya tsananta ƙafar tana yi mini gardama. Amma a ran nan ni abin da na ji kawai shi ne tsinke.

Saura mako biyu babbar salla Baba ya kawo atamfofi kafin ya wuce kasuwa da ragunansa. Na ga Inna tana ninke su tana sakawa a leda tana satar kallona. Na ce, "Inna, taki ki bar ta." Ta ce in rufa wa kaina asiri, jiki bai gama ƙwari ba. Na ce sauran ta kai inda za ta kai, amma tata ni zan ɗinka. Muka yi ta ja, har Kaka ta sa baki ta ce a ba ni, in na ɓata a yi tsumma da ita.

Aka fito da keken tsakar gida, gefen bangon yamma, don a ɗaki zafi yake yi mini yawa. Na ɗiga masa mai, na zura zare, na ɗora ƙafa. Ina jin matakin, amma kamar ta cikin safa uku. Na taka, ya ruga, na ɗaga, ya koma da baya ya tsinke zare. Sau shida a safiyar farko. Na kifa kai a kan keken na ce ba zan iya ba. Kaka ta ce, "To tashi in hau, ai ba gadonki ba ne." Ta kuwa matso da kujerarta ta ɗora tsohuwar ƙafarta kusa da tawa, ta taka da ƙarfi, keken ya zabura ya ɗinke gefen mayafinta da atamfar Inna. Muka yi dariya har Inna ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wa ya mutu.

Sannu a hankali na gano dabara. Na sa ƙafar hagu a gaba ta ja ragama, ta dama tana bi. Abin da tafin ƙafa ya kasa gaya mini, kunne ya riƙa gaya mini, domin keke yana da muryar da yake yi in yana tafiya daidai, kuma shekara huɗu ina jin ta ban san ina ji ba. Ina ɗinki daga hantsi zuwa lokacin da ƙeya ta fara gumi, in tashi. Rigar da da nake gamawa tsakanin azahar da la'asar ta ci mini kwana tara.

Ana gobe salla da hantsi na yanke zare na ƙarshe, na ɗaga rigar a haske. Kafaɗu sun zauna, wuya ya zauna. Amma kalmasar ƙasa ta gefen hagu ta yi tafiyar maciji, kusan taƙi guda, inda ƙafar ta gaji ta yi abin da ta ga dama. Ko makaho ya shafa zai ji. Na ɗauko reza zan farke. Inna ta fizge rigar daga hannuna ta ce in na taɓa ta ba ta yafe ba. Na ce mutane za su gani. Ta ce don su gani za ta sa.

Ranar salla bayan an sauko daga idi, an yanka rago, mata suka fara shigowa barka da salla. Ina zaune a gefe ina yanka albasa. Cikin masu shigowa har da wata maƙwabciyarmu mai ido irin nawa, wadda ba ta gaisawa da mutum sai ta gama auna kayansa. Ta gaida Inna, idonta ya sauka ƙasa, ya tsaya a gefen hagu. Na ji kamar in shige cikin kwanon albasar.

"Hajiya, wannan karon wa ya yi miki ɗinki?" in ji ta.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Ba ta kiran sunana, ba ta yabona a gaban mutane, in ana maganata ma kawar da kai take yi, kunya ba ta barinta. Na zaci za ta ce wata yarinya ce a nan gida, ta sauya zance. Sai na ga ta kama gefen rigar, daidai wurin da ya karkace, ta ɗaga shi sama don matar ta gani da kyau.

"'Yata ce," in ji Inna.

"Ikon Allah! Ta samu sauƙi ke nan. Da hannunta ta ɗinka?"

"Da ƙafarta," in ji Inna.